Zaman Iyali a Wurin Dage: Na Turai da Na Ƙasarmu

Gabatarwa

Dage dabba ne da mafarauta da masu kiwon zuma na ƙasar Hausa suka daɗe da sani. Gajere ne, ƙaƙƙarfa, bayansa fari-fari ko ruwan toka tun daga ka har wutsiya, cikinsa da ƙafafunsa baƙaƙe. An san shi da ƙarfin hali da ɓarnar amya. Sai dai abin da aka sani game da shi yawanci ya tsaya ne ga faɗansa, ba a cika tambayar yadda yake zama da iyalinsa ba. A ƙasashen Turai kuma akwai wani ɗan'uwansa da Ingilishi suke kira baja, wanda malaman makaranta kan ci karo da sunansa a littattafan karatu na Turanci. A wannan maƙala za a kira shi dagen Turai. Dabbobin biyu dangi ne, amma zamansu ya sha bamban: na Turai, musamman a Ingila, yana zaman gandu cikin babban gida, namu kuwa shi kaɗai yake yawo. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda kowannensu ke tafiyar da rayuwar iyalinsa, da dalilin wannan bambanci, da kuma abin da kan biyo baya idan mutum ya taɓa iyalin ba da sani ba.

Dangin Dage

Masana ilimin dabbobi sun sanya dage cikin dangin da suke kira Mustelidae, wanda bodari ma yana cikinsa. Yawancin 'yan wannan dangi suna da gajerun ƙafafu, da dogon jiki, da wata jaka kusa da dubura mai fitar da wari. Sunan dagenmu a wurin masana Mellivora capensis, kuma ana samun sa a mafi yawan ƙasashen Afirka kudu da Sahara, da yankin Larabawa, da Iran, har zuwa Indiya. Na Turai sunansa Meles meles, ana gane shi da farar fuska mai baƙaƙen zane biyu da suka ratsa ta idanu zuwa kunnuwa. Akwai na uku a Arewacin Amurka, wanda shi ma zaman kaɗaici yake yi. A gaskiya yawancin 'yan dangin ba sa zaman taro, saboda haka ne zaman gandun na Turai ya ja hankalin masu bincike.

Gidan Dagen Turai

Dagen Turai dabbar dare ne. Yakan wuni a rami, ya fito bayan faɗuwar rana. Ramin nasa kuwa gida ne sosai, mai ƙofofi da lunguna da ɗakunan kwana. Yakan haƙa shi a gefen tudu ko bakin kurmi, inda ƙasa ke da sauƙin tono kuma ruwa ba ya kwanciya. Ana gadon gidan daga iyaye zuwa 'ya'ya, kowane zamani yana ƙara nasa gini, har akwai gidajen da aka haura shekara 100 ana zaune a cikinsu. An taɓa ƙiyasta wani babban gida a kudancin Ingila, aka ce tsawon lungunansa ya haura mita 800, ƙofofinsa kuma sun fi 170.

Suna shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ganye a ɗakunan kwana. Yadda suke shigar da shimfiɗar abin kallo ne: dabbar takan tara ciyawa tsakanin haɓarta da ƙafafun gaba, sai ta ja da baya-baya har cikin rami. In shimfiɗar ta tsufa sai a fitar a kawo sabuwa. Suna kuma yawan sauya ɗakin kwana, abin da ke rage musu ƙuma da kaska. Ba su cika yin bayan gida inda suke kwana ba, sukan tona ƙananan ramuka a waje domin haka. Wani lokaci zomaye, ko wata dabba mai kama da yanyawa, sukan tare a wani sashe na gidan, masu gida su ƙyale su.

A Ingila gida ɗaya kan ƙunshi manya kamar shida, maza da mata, ban da 'ya'yan shekarar. Inda abinci ya wadata adadin kan kai 20 ko fiye. Da yawa daga cikinsu a gidan aka haife su kuma a nan za su mutu. In za a sami mai ƙaura, ya fi zama namiji, kuma galibi gidan maƙwabta yake komawa.

Yadda 'Yan Gida Ke Gane Juna

Idon dagen Turai ba shi da ƙarfi, hancinsa ne jagoransa. A ƙarƙashin wutsiyarsa akwai wata jaka mai fitar da maiƙo mai wari. Idan 'yan gida suka fito da almuru, sai ka ga ɗaya ya juya ya goga gindinsa a jikin ɗan'uwansa, wani lokaci biyu su haɗa gindi su shafa wa juna. Da haka warin kowa ke gauraya da na kowa, gidan ya sami wari guda da ake gane ɗansa da shi ko a duhun rami. Abin ya yi kama da aikin da tsagar gado ta yi wa mutanen da, inda kallon fuska ɗaya ya isa a san daga inda mutum ya fito. Bayan shafe-shafen sukan zauna suna cire wa juna ƙwari da haƙora, ƙanana kuma suna kokawa da guje-guje.

Kowane gida yana da yankinsa na kiwo, kuma ramukan bayan gida ne alamar iyaka. Ana jera su a kan hanyoyin da suka raba wannan gida da wancan, kowane ɓangare yana zuwa yana ajiye nasa, yana shinshina na maƙwabta. An fi ganin haka tsakanin watan Fabrairu da Afrilu, lokacin barbara. Baƙon da ya ƙetare iyaka yana iya gamuwa da faɗa, shi ya sa ake yawan ganin tabon cizo a saman gindin tsofaffin maza.

Wani masani ɗan asalin Holan mai suna Hans Kruuk, wanda ya fara yin suna da nazarin kura a Serengeti ta Tanzaniya, shi ne ya fito da taswirar waɗannan iyakoki a dajin Wytham, kusa da birnin Oxford, a shekarun 1970. Dabarar da ya yi mai sauƙi ce. Ya cakuɗa gyaɗa da ruwan sukari da 'yan gutsattsarin roba masu launi, ya ajiye wa kowane gida launinsa daban. Da dabbobin suka ci, sai robar ta riƙa fitowa a kashinsu. Ta bin launin da ke cikin kowane ramin bayan gida, ya san inda ƙasar kowane gida ta tsaya. Daga shekarar 1987 masu bincike na Jami'ar Oxford, ƙarƙashin jagorancin David Macdonald, suka shiga kama dagen wannan daji suna yi musu alama suna saki, shekara bayan shekara. Da yawa daga abin da aka sani a yau daga nan ya fito.

Barbara, Haihuwa da Reno

A Ingila mace kan haihu ne galibi a watan Fabrairu, cikin sanyi, a can ƙuryar rami. Takan haifi biyu ko uku, wani lokaci ɗaya, wani lokaci har biyar. Ana haihuwarsu idanu a rufe, nauyin kowanne bai wuce kamar giram 100 ba. Sai sun yi mako biyar idanunsu ke buɗewa, sai kuma wajen mako takwas suke leƙo waje, wato a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da sanyi ya ja baya abinci ya yawaita. Ana fara yaye su wajen wata uku.

Wani abin mamaki yana tattare da cikinsu. Yawancin barbara ana yin ta ne jim kaɗan bayan haihuwa, amma ƙwan da aka samu ba ya kama mahaifa nan take. Yakan zauna wata da watanni ba ya girma, sai wajen watan Disamba ya kama, daga nan ciki ya yi kamar mako bakwai a haihu. Saboda haka ko a wane wata aka yi barbara, haihuwa takan zo a lokaci guda. Macen da ba ta tara kitse sosai ba kafin sanyi, sau da yawa cikin ba ya kamawa. Shi ya sa ba kowace mace a gida ke haihuwa kowace shekara ba.

Uwa ce ke ɗaukar nauyin reno. Namiji ba ya kawo wa 'ya'ya abinci, iyakarsa gyaran gida da tsaron iyaka. Har ila yau, da aka gwada jinin 'ya'ya da na manya a dajin Wytham da wani wuri mai suna Woodchester Park, sai aka gano kusan rabin 'ya'yan da ake haifa ubanninsu daga wasu gidaje suke. Wato duk da tsaron iyaka, akwai zirga-zirga tsakanin maƙwabta, kuma wannan yana rage haihuwa tsakanin 'yan jini ɗaya.

Me Ya Tara Su Gida Ɗaya?

Mai karatu zai yi tsammanin dabbobin da ke kwana tare za su yi farauta tare, kamar yadda zakuna ke yi. Dagen Turai ba haka yake ba. Da zarar an gama gaisuwar ƙofar gida, kowa sai ya kama gabansa, ya yi kiwonsa shi kaɗai, sai asuba a haɗu. To, me ya tara su?

Amsar da Kruuk da Macdonald suka bayar tana ga abincinsu. Babban abincin dagen Ingila shi ne tsutsar ƙasa da muke kira tana. A dare mai laima, ba iska, tsutsar kan fito saman ƙasa a filayen kiwo masu gajeriyar ciyawa, dage ɗaya yana iya cin ɗari biyu ko fiye kafin gari ya waye. Amma ba kowane fili ne ke bayarwa kowane dare ba. Yau wannan fage ne, gobe in iska ta juya sai wancan kwari. Don haka ko mace da namiji biyu kawai ne, dole su riƙe yanki mai faɗi da ya ƙunshi wurare da dama. A daren da wuri ya bayar kuwa, abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin cikin biyu, ga shi tsutsar ba ta ƙarewa. Saboda haka iyaye ba su da wata asara in 'ya'yansu da suka girma suka ci gaba da zama. Ga kuma gida da aka sha wahalar haƙawa, wanda barinsa a je a fara sabo hatsari ne. A taƙaice, nisan da ke tsakanin wuraren abinci shi ke yanke faɗin yanki, yawan abincin da ke kowane wuri kuma shi ke yanke yawan 'yan gida. Masana ba su daina muhawara a kan wannan ra'ayi ba, amma shi ne ya fi karɓuwa.

Abin da ke ƙarfafa shi shi ne halin wannan dabba a wasu ƙasashe. A yankin Doñana na kudancin Sifen, inda ƙasa take busasshiya tsutsa ta yi ƙaranci, zomaye da ƙwari da 'ya'yan itace suke ci, kuma zamansu na ƙananan iyali ne a yanki mai faɗi. Haka abin yake a manyan dazuzzukan gabashin Foland. Jinsin guda ne, abincin ƙasar ne ya sauya girman gidan.

Dagen Ƙasarmu: Uwa da Ɗanta

Da wannan ma'auni za a fi fahimtar dagenmu. Bincike mafi zurfi a kansa shi ne wanda Colleen Begg da Keith Begg suka yi daga 1996 zuwa 1999 a hamadar Kalahari, kan iyakar Afirka ta Kudu da Botsuwana, inda suka riƙa bin dabbobin dare da rana. Jinsin ɗaya ne da na dazuzzukanmu, ko da yake faɗin ƙasar da yake yawo zai bambanta daga wuri zuwa wuri.

Sun tarar yana cin halittu iri fiye da 60: ɓeraye, ƙadangaru, kunamu, macizai har da masu dafi, tsuntsaye, da 'ya'yan zuma na cikin saƙa. Yawancin waɗannan tono su yake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma a warwatse suke, babu fage guda da zai ƙosar da taro. Saboda haka namiji baligi kan yi yawo a ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 500, mace kuma fiye da 100. Ba shi da gida na dindindin. Inda gajiya ta kama shi nan zai tona rami, ko ya shiga tsohon ramin dabgi, gobe ya yi gaba. Namiji ya fi mace girma nesa, yakan kai kilo 9 zuwa 16, ita kuwa 5 zuwa 10.

Maza ba sa tsare iyaka, yankunansu kan shiga juna, amma akwai babba da ƙarami a tsakaninsu. Suna da wuraren bayan gida da suke ziyarta suna barin warinsu, macen da ta so barbara ita ma takan je can, da haka suke samun juna. Sukan yi 'yan kwanaki tare a rami, daga nan namiji ya tafi, ba ruwansa da ciki ko goyo.

Mace kan haifi ɗa guda, biyu ba safai ba, bayan ciki na kwana 50 zuwa 70. Wata biyu zuwa uku na farko ɗan yana rami, uwar tana ɗaukarsa a baki tana sauya masa wuri bayan 'yan kwanaki. Daga nan sai ya fara binta. Yakan zauna a hannunta wata 12 zuwa 16, domin tono da hawan itace da kashe maciji duk sai an koya, kuma a hankali ake ƙwarewa. Duk da wannan kula, kusan rabin 'ya'yan da aka bi a Kalahari ba su kai ga rabuwa da uwa ba, yunwa ko namun daji sun kashe su.

A nan akwai gyara ga wani tsohon zance. An daɗe ana cewa dage mata da miji suke yawo, har a tsofaffin littattafai. Binciken ya nuna biyun da ake gani tare yawanci uwa ce da ɗanta, kuma in ɗan namiji ne, kafin su rabu yakan kai ta girma ko ya fi ta. Mai hange daga nesa sai ya ɗauka mijinta ne.

Akwai kuma zancen tsuntsun nan mai jagorantar mutane zuwa ga zuma, wanda ake cewa yana yi wa dage jagora. Jagorancinsa ga mutum tabbas ne. Game da dage kuwa, wani bincike da aka buga a 2023 ya tambayi masu ɗiban zuma kusan 400 a ƙasashe 9 na Afirka, sai aka tarar mafi yawansu ba su taɓa gani ba, waɗanda suka ce sun gani galibi 'yan Tanzaniya ne. Abin da aka gani da ido a Kalahari shi ne dila da wani irin shaho suna bin dage, suna cafke ɓerayen da suka kuɓuce masa yayin tono.

Abin da Taɓa Iyali Ke Haifarwa

Sanin zaman waɗannan dabbobi yana da amfani a aikace. A Ingila dagen Turai yana ɗauke da ƙwayar tarin fuka na shanu, kuma manoma sun daɗe suna kuka da shi. Daga 1998 zuwa 2005 gwamnati ta gudanar da babban gwaji na kashe su a wasu yankuna. Rahoton gwajin ya nuna cutar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a garkunan da ke cikin yankin, amma ta ƙaru da kusan haka a gonakin da ke kewaye. Bayanin da masu gwajin suka bayar shi ne, da aka tarwatsa gidajen, iyakoki suka rushe, waɗanda suka tsira suka shiga yawo nesa suna cuɗanya da baƙi. Duk da haka an fara kisan gadan-gadan a 2013, an kashe fiye da 200,000, kuma a 2024 gwamnatin Birtaniya ta bayyana niyyar kawo ƙarshensa. Har yanzu ana jayayya a kan amfanin da kisan ya yi.

A wajenmu rigimar ta amya ce. Dage yana hawa itace, yana da fata mai kauri da ke rage masa zafin harbi, kuma a dare ɗaya zai iya lalata wahalar shekara. Fushin mai zuma a kan hanya yake. Amma ya kamata a san cewa dabbar da ke haihuwar ɗa guda, ta shekara tana renonsa, ba ta saurin mayar da gurbi. Wanda ya kashe mace da tarko ko guba, sau da yawa biyu ya kashe. Ga kuma faɗin ƙasar da kowanne ke yawo, wanda ke nufin ba su da yawa ko a daji mai lafiya. A Afirka ta Kudu, a farkon shekarun 2000, masu kiwon zuma da masu kare namun daji sun cimma wata hanya: ɗora akwatunan zuma a kan dogayen ƙafafu, mita ɗaya ko fiye daga ƙasa, a ɗaure su tamau, a kuma sanya wa zumar tambarin da ke nuna ba a kashe dage dominta ba. Ɓarnar ta ragu ƙwarai. Mai amyar kan itace ma zai iya rataye ta da waya nesa da reshe, ko ya naɗe gindin itacen da kwano mai santsi.

Kammalawa

An ga cewa dagen Turai yana zaman gandu inda abinci ke taruwa wuri ɗaya da yawa, yana rage iyali inda ya yi ƙaranci, dagenmu kuma yana yawo shi kaɗai saboda abincinsa a warwatse yake, iyalinsa duka uwa ce da ɗa. Malami zai iya amfani da wannan kwatanci wajen nuna wa ɗalibai yadda muhalli ke tsara zaman halitta, ya kuma fayyace musu cewa bajan da ke littafin Turanci daban yake da dagen da kakanninsu suka sani. Dattawa kuwa, musamman tsofaffin mafarauta da masu kiwon zuma, suna riƙe da sanin dazuzzukan da ake ganin dage a da, da lokacin da ake ganin sa da ɗa, da kirari da karin maganar da aka yi masa. Noma da saran itace suna cinye waɗannan dazuzzuka, masu wannan sani kuma suna raguwa. Yana da kyau malamai su je gare su da ɗalibansu, su tambaya, su rubuta abin da suka ji.